Godiyar iyalin Baba Likita ga duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum. Yau kwana bakwai da rasuwar mahaifinmu, wanda unguwa ta sani da Baba Likita. Inna ce ta ce in rubuta wannan a madadinta da ƙannena, domin ƙafa ba za ta kai mu ƙofar kowa ba.

Mun gode wa likitoci da nas-nas na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda suka yi jinyarsa kamar ubansu. Mun gode wa liman da jama'ar masallacinmu, da samarin da suka haƙa kabari cikin zafin ranar Sakkwato, da matan maƙwabta da suka karɓe wa Inna murhu har aka share makoki. 'Yan'uwa na Argungu, Gusau da Birnin Ƙonni, Allah ya ba da ladan zumunci. Sojojin barikin Giginya da suka zo gaisuwa, mun ga karamcinku.

Akwai baƙo ɗaya da dole in keɓe.

Mu 'ya'yan Baba abin da muka sani kaɗan ne. Ya karanta likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shiga soja, ya yi aiki a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. A watan Agustan 1990, da dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, suka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, babban birnin Laberiya, yana cikinsu. Ina firamare lokacin. Abin da nake tunawa shi ne Inna zaune kusa da rediyo, da an ambaci Laberiya sai ta ɗaga mana hannu mu yi shiru. Daga baya aka tura shi Saliyo, yana Firitawun a Janairun 1999 sa'ad da 'yan tawaye suka shiga birnin suna datse wa mutane hannuwa. Ya dawo a rame, kuma bai taɓa ba mu labari ba. In muka matsa sai ya ce, "Ku bar wagga magana, ɗiyana."

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, wani dattijo ya sauka daga Keke Napep yana dogara sanda, da ƙafar roba. Daga Zuru ya taso, Kirista ne, tsohon kofur. Ya roƙi a kai shi wurin Inna, ya durƙusa iyakar yadda ƙafar ta bar shi, ya ce, "Mama, mijinki ne ya yanke mini ƙafar nan, kuma saboda shi nake numfashi yau."

Ya ce a watan Oktoban 1992 ne, lokacin da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka far wa Monrobiya. Roka ta faɗo kusa da ramin da suke ciki ta ragargaza masa ƙafa. Aka kai shi wurin Baba da dare, janareta ya mutu, wani soja ya riƙe tocila aka yi aikin. Jinin da ake ƙara wa majinyata ya ƙare, irin jininsa da na Baba ya zo ɗaya, Baba ya miƙa hannu aka ɗebi nasa, ya sha shayi, ya koma kan na gaba.

Sai ya faɗi abin da ya sa na kasa riƙe hawaye a gaban mutane. An taɓa kawo wani yaro ɗan tawaye da harsashi a cinya. Sojoji suka harzuƙa, don a ranar sun rasa abokansu, suka ce a bar shi nan. Baba ya tsaya tsakaninsu da gadon ya ce, "Wanga yaro tsaran ɗana ne na gida. In kun gama fushi ku riƙe mini shi in cire harsashin." Ni ne ɗan da yake nufi. Shekara talatin da wani abu ban san ya tuna da ni a irin wannan wuri ba.

Baba Kofur, ba ka bar mana lambar waya ba, ka kuma ƙi karɓar kuɗin mota. In wani ɗanka ya ga wannan rubutu, ya gaya maka Inna tana gaishe ka, kuma gidan nan naka ne.

Bayan mahaifinmu ya yi ritaya, zaurenmu ya zama ɗakin duba marasa lafiya. Uwa za ta kawo yaro da masassara ko gudawa, ya duba, ya rubuta magani, in ya ga ba hali ya sa hannu a aljihu. Matan da suka zo suna kuka suna cewa sun yi rashin uba, mun ji ku, rashin namu ne gaba ɗaya.

Roƙo biyu muke da shi. Duk mai bin Baba bashi, komai ƙanƙantarsa, ya zo gida ya same ni a sauke masa nauyi. Sannan abokan aikinsa na Laberiya da Saliyo, wanda ke da hotonsa na can ya taimaka mana da shi, jikokinsa ba su taɓa ganinsa cikin kaki ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.