Abin da ƙyallin ƙarfe ya ɓoye mini

Jirgin ruwan da aka kawo mana gyara ya haura shekara 30. Na faiba ne, mai jigo ɗaya da filafilai biyu, kuma bai taɓa yin nisa da gaɓa ba. Yanzu mai shi yana so ya tsallaka teku da shi. Ranar farko na shafa wayoyin da ke riƙe da jigon, na ga sai ƙyalli suke, na ce wa maigidana ai waɗannan da sauransu. Bai tanka ba. Ya miƙo mini gilashin ƙara girma, ya nuna gindin wata waya, inda aka matse ta cikin kwanson ƙarfe, ya ce, "Ɗana, durƙusa ka duba nan."

Wata 'yar tsaga ce siririya kamar gashi, da ɗigon ja a bakinta. Gabana ya faɗi, domin da ni kaɗai ne da na wuce ta.

A nan na fara sanin halin ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa. Iska ce ke kare shi. Muddin tana taɓa shi, wata fata marar kauri tana rufe shi, amma inda ya jiƙe da ruwan gishiri kuma iska ba ta isa, sai ya riƙa cinyewa a ɓoye. Kowace waya sili 19 ne aka murɗe, ruwa yana bin tsakaninsu ya gangara ya kwanta a kwanson ƙasa. Shi ya sa kamfanonin inshora da yawa ke neman a sauya wayoyin in sun kai kamar shekara 10, ko da ido bai ga komai ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sillayen ƙarfen da wayoyin ke kamawa, waɗanda suka ratsa daɓen jirgi zuwa ciki. Samansu tas, ƙasansu tas. Da muka zare su, wuyan da ke binne cikin daɓe duk ya yi ramuka kamar gara ta ci. Na shafa wa ɗaya jan rini na goge, sai ga tsaga ta fito daga gefe zuwa tsakiya. Muka sauya su duka. A gindin sabbin wayoyi muka sa kawunan Sta-Lok, waɗanda ake ɗaurawa da sifana, kuma a ganina wannan ya fi dacewa da mai tafiyar nesa, tunda zai iya gyarawa da hannunsa a tsakiyar ruwa.

Tagogi kuwa, nan na yi kuskuren da ya koya mini hankali. Mun zaɓi akirilik mai kauri, wato wata roba mai kama da gilashi. Folikabonet, wanda shi ma irin wannan robar ce, ya fi shi jure duka, sai dai yana saurin karcewa, rana kuma tana dusasar da shi. Na huda ramuka daidai da kaurin ƙusoshi, na ɗaure tamau, ina ganin ƙarfi ke nan. Bayan 'yan makonni a rana, tsaga ta fara fita daga bakin ramuka uku. Ashe roba irin wannan tana buɗewa da zafi, ta tsuke da sanyi, fiye da jikin jirgin, ni kuwa na hana ta wurin motsi. Na sake yanko wata, na faɗaɗa ramukan, na shimfiɗa silikon mai kauri a ƙarƙashi, na ɗaure da sassauci.

Maigidana yakan tuna gasar tseren jiragen ruwa ta Fastnet ta watan Agustan 1979, wadda jirage 303 suka tashi daga Ingila, guguwa ta same su, matuƙa 15 suka rasu. Jirage da yawa igiyar ruwa ta kwantar da su har jigo ya taɓa ruwa. Ya nuna mini cewa tagar da ta fi shiga haɗari ita ce ta ɓangaren da jirgi ya faɗa a kai, don duk nauyinsa a kanta yake sauka.

Saboda haka muka yanka wa kowace babbar taga murfin katako, muka rubuta lamba a bayansa. Kafin mu miƙa jirgin, na roƙi mai shi ya zo da dare. Muka kashe fitilu, na ba shi tocila da sifana, na tsaya gefe yana ɗaura su ɗaya bayan ɗaya. Na huɗun ya ƙi zama, sai da na sake huda shi washegari.