Abin da buhun gero ya koya mini game da rubuta manhaja

Shekara goma da 'yan kai ke nan ina cin abinci da rubuta manhaja a cikin garin Sakkwato. In aka ce in ƙirga kayan aikin da na raba dare ina koyo, waɗanda yau ba mai tambayarsu, yatsun hannu ɗaya ba za su ishe ni ba. Da PHP da jQuery na fara, ina haɗa wa makarantu masu zaman kansu shafin duba sakamakon jarrabawa. A 2015 na faɗa wa AngularJS, don a lokacin duk inda ka leƙa a intanet shi ake yabo. Wata shida ina fama da shi, har kuɗin ɗinkin Sallah na zuba a sayen data. A watan Satumba na 2016 Google ta fitar da Angular 2, an rushe ginin an sake shi tun daga tushe, harshen rubutun ma ya koma TypeScript. Rabin abin da na haddace ya tashi a tutar babu. Wani abokina da ya ƙware a Flash ya fi ni jin jiki, domin ranar 31 ga Disamba 2020 Adobe ta rufe babinsa baki ɗaya.

Amma SQL, harshen sarrafa rumbun bayanai da muka koya a aji muna hamma, wanda asalinsa tun shekarun 1970 ne a kamfanin IBM, har yau ba na wuni ban taɓa shi ba. Haka Git, manhajar bibiyar canje-canjen da ake yi wa rubutun manhaja, da Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu. Sai dai ba wannan ne ya fi girgiza ni ba. Wanda ya sauke mini girman kai a wannan sana'a ko kunna kwamfuta bai iya ba.

Wani aminin mahaifina ne, ɗan kasuwar hatsi, muna ce masa Baba Alhaji. Yana da yara da ke bin kasuwannin ƙauye a gabashin jiha suna saya masa gero da dawa da wake, a loda a mota a kawo sito. Duk lissafinsa a wani dogon littafi mai baƙin bango yake, da ajami yake rubutawa, kuma ba mai iya karanta hannunsa sai shi da babban ɗansa. A farkon 2021 ɗan ya lallashe shi ya yarda a yi masa manhaja. Na karɓi aikin da ɗoki. Na zaɓi React don gina fuskar manhajar, na kama hayar saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai ta intanet, a Turai, na yi zane mai launi da jadawalin riba yana hawa yana sauka. Ni kaina da na duba sai na ji wani daɗi. Kowane yaro zai shigar da abin da ya saya a wayarsa, nan take Alhaji ya gani yana zaune a runfarsa.

Ranar da na kai masa, ya sa tabarau ya duba wayar ya daɗe, sannan ya ce, "Injiniya, ina wurin tiya?"

Na ce, "Baba, ai da kilo na yi, shi ne ma'aunin da duniya ta sani."

Ya ce, "Mi kaka nuhi da duniya? Ni ban taɓa sayen gero da kilo ba."

Wannan ne karo na farko da na je kasuwa na zauna da littafi da biro, ba kwamfuta, ina kallon yadda ake awo. Nan na gane buhu ba abu ɗaya ba ne. Akwai wanda aka ɗinke bakinsa daidai, akwai wanda aka yi wa toliya, kuma yawan tiyar da ke ciki yana bin kasuwar da aka auno shi. Akwai kuɗin dako, akwai la'adar dillali, akwai kuɗin buhun kansa, akwai bashin da ake bai wa manomi tun damina a biya da hatsi in kaka ta yi. Manhajata ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta san "kaya", "farashi", "jimla", kamar kantin sayar da takalma a Landan. Kwana uku na yi a runfar, ana ba ni fura ana yi mini dariya, kuma abin da na kwaso a kwana ukun ya fi abin da na samu a wata uku na kallon bidiyon koyarwa.

Na gyara, aka fara aiki, na ɗauka an gama. Sai ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka biyo da ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato. Daidai lokacin da sabon gero ya fara shigowa kasuwa. Yaran Alhaji suka buɗe manhaja a ƙauye, ba abin da suke gani sai wata 'yar da'ira tana juyawa. Ko lissafin jiya ba su iya dubawa, don komai yana can Turai a kan saba. Wasu suka rubuta a bayan kwalin sigari, wasu suka riƙe a ka. Da suka dawo lissafi ya cakuɗe, aka yi ta cacar baki a kan buhu goma sha wani abu da ba a san wanda ya biya kuɗinsu ba.

Alhaji ya aika aka kira ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya ɗora hannu a kan littafin nan mai baƙin bango ya ce, "Wanga abu naka sai da sabis shika aiki? To littahina bai taɓa neman sabis ba."

Ban sami abin cewa ba, domin laifin nawa ne. Katse layin bai zo da shawarata ba, amma tun kafin a katse ai na san sabis a ƙauyukanmu sai an hau tudu ko an ɗaga waya sama. Na sani sarai. Na dai kwaikwayi yadda masu koyarwa a Amurka suke gini ne, mutanen da intanet a wurinsu kamar iska yake. Na sake rubuta manhajar ta yadda kowace waya za ta riƙe nata rumbun bayanai da SQLite, yaro ya yi aikinsa ko da sabis ko babu, in ya shigo gari ta tura da kanta. Nan ma wata wahalar ta fito: yara biyu su shigar da ciniki ɗaya, ko tura bayani ya yanke a tsakiya a sake turawa, buhu ashirin su koma arba'in. Sai da na bai wa kowane ciniki lambar shaida tasa tun a wayar, yadda ko sau goma aka turo shi saba za ta gane abu ɗaya ne. Babu wani sabon yayi a cikin wannan. Tsohon ilimin rumbun bayanai ne, wanda na yi wa riƙon sakainar kashi ina ɗalibi. Da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024, har hada-hadar bankuna ta yi tsaiko, yaran Alhaji ba su ma san an yi ba.

Wani ƙaramin abu kuma da ya ci mini mako guda: sunaye. Alhaji ba ya rubuta cikakken sunan abokin ciniki, laƙabi yake sawa, Ɗan wane, Mai kaza. Wani yaron ya rubuta da ɗ mai lanƙwasa, wani da d zalla, wani ya sa waƙafi a gaba. Manhaja ta ɗauke su mutum uku, bashin mutum ɗaya ya rabu gida uku. A wani tsohon aikina ma alamar tambaya ce ke fitowa a madadin ƙ da ɗ da ɓ, don an saita rumbun a tsarin haruffan Turawan Yamma maimakon UTF-8, tsarin da ya ƙunshi haruffanmu. Ba wanda zai koya maka wannan a kwas ɗin da aka shirya a Kalifoniya. Kai da harshenka ne, kai za ka gano.

Yanzu maganar da ke bakin kowa ita ce ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ya fito ranar 30 ga Nuwamba 2022, kusan duk ɗalibin da ya zo wurina neman sanin makamar aiki, daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko daga kwalejin kimiyya da fasaha, tambayarsa ɗaya: "Yaya, wai har yanzu akwai amfanin koyon wannan abu?" Ni dai ina amfani da ita kullum, ba zan ɓoye ba. Aikin da da yake cin mini wuni, kamar rubuta gwaje-gwaje ko fassara tsohon kod, wato rubutun umarnin manhaja, zuwa wani harshen kwamfuta, yanzu kafin shayi ya huce an yi rabi. Wanda ya ce zai ƙaurace mata don kishin sana'a, kansa ya yi wa.

Amma ga abin da na gani da idona. Wani yaro mai ƙoƙari da ke zama da ni, na ba shi aikin lissafin kuɗin makaranta. Cikin awa ɗaya ya dawo yana murmushi, komai na tafiya, ashe ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta masa. Na jawo kujera na ce ya karanta mini layi-layi, ya gaya mini abin da kowanne ke yi. A layi na shida ya tsaya. Na'urar ta ajiye kuɗi a matsayin lamba mai ɗigo, shi kuma bai ga aibin hakan ba. Na ce ya buɗe burauza ya tara 0.1 da 0.2 a JavaScript. Amsa ta fito 0.30000000000000004. Ya zaro ido. Na ce to haka kwamfuta take da irin waɗannan lambobi, shi ya sa ake ajiye kuɗi da kwabo, cikakkiyar lamba, shi ya sa ma in za ka tura wa Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, naira dubu sai ka rubuta 100000. Can ƙasa kuma ta manna abin da mai amfani ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, ƙofar da ɓarayin intanet suka fi shekara ashirin suna shiga ta cikinta. Da ya koma ya tambaye ta, nan take ta ba da haƙuri ta gyara. Ta san amsar. Shi ne bai san akwai tambaya ba.

Abin ya tuna mini da wani malaminmu a jami'a da yake sa mu bin kod a takarda, mu zana tebur mu rubuta yadda kowace lamba ke canzawa mataki-mataki. Mun yi ta gunaguni a bayan idonsa. Allah ya saka masa da alheri, yau da wannan karatun nake cin abinci, don yawancin aikina ya koma karanta abin da ban rubuta ba da yanke hukunci ko a yarda da shi.

Su kuma masu mafarkin yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗaki a biya su da dala, ban hana ba, na taɓa yi na shekara biyu kuma da kuɗin na sa sola a gida. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kwamfuta na huci kamar tukunya, ga ɗaukewar wuta, batir da faranti sun fi sabuwar kwamfuta muhimmanci. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ya shigo Nijeriya a farkon 2023, ya rage wa masu hali wahalar sabis. Sai dai a san cewa kasuwar tana da hawa da sauka. Meta, mai Facebook, ta sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google ta sallami 12,000 a Janairun 2023, Microsoft ma 10,000 a watan na Janairu. Nawa kwantiragin da saƙon imel mai layi huɗu ya ƙare. Abin da ya riƙe ni a wancan aikin kuwa, gwargwadon daɗewar da na yi, ba yawan harsunan kwamfuta ba ne. Iya rubuta bayani ne a sarari: ga abin da na yi yau, ga inda na maƙale, ga abin da nake bukata. Mutumin da bai taɓa ganin fuskarka ba, rubutunka kawai yake aunawa. Yaranmu da yawa sun iya kod, amma a ce su rubuta sakin layi biyu na bayanin matsala, sai gumi.

Shirin gwamnatin tarayya na 3MTT, na koyar da fasahar zamani, da aka fara a 2023 ya jawo matasa da dama cikin harkar, na kuma ji daɗin hakan. Abin da nake ce wa waɗanda suka gama shi ne kada su tsaya tara takardun shaida. Su nemi mai kemis ɗin unguwa ko shugabar wata Islamiyya, su gina musu abu ɗaya da za a yi amfani da shi da gaske, su zauna da shi shekara guda suna gyara. Kuma su rubuta yarjejeniya, ko da ɗan'uwa ne. Kalmar "ɗan gyara kaɗan" ta cinye mini watanni kyauta kafin na koyi sa kuɗin kulawa na shekara a takarda. Tun 2023 kuma akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, don haka wanda ke riƙe sunayen ɗalibai ko na marasa lafiya ya san amana ce da doka ke bibiya.

Baba Alhaji har yanzu yana amfani da manhajar, kuma har yanzu littafin na nan. Kowace Alhamis da yamma ɗansa ya karanto daga waya, shi yana bin layi da yatsa a takarda. Sau biyu suka sami saɓani a bara. Ɗaya yaro ne ya yi kuskuren shigarwa, ɗayan kuwa nawa ne, wajen raba la'ada tsakanin dillalai biyu. Makon jiya ya kira ni bayan sallar Isha'i, wai yana son wayar ta riƙa karanta masa lissafi da baki, da Hausa, don idonsa ya fara rauni. Na ce masa akwai na'urorin da ke yin haka yanzu, zan gwada. Ya ce to in tabbatar ta iya cewa "kuɗɗi" yadda mutane ke faɗi, ba irin na Kanawa ba.