Akwatin Kawu da Abin da Tsatsa Ta Koya Mini

A shekara ta biyu da shigata koyon walda da gyaran jikin mota a wani gareji da ke kan hanyar Tanut, a nan Damagaram, kawuna ya aiko a kira ni gida, ya nuna mini akwatin ƙarfen da yake zuba kayan aikinsa tun zamanin da yake tuƙa babbar mota tsakanin Damagaram da Agadas. Akwati ne mai tsawon kamu ɗaya da ɗoriya, mai murfi biyu, ɗaya na buɗewa dama ɗaya hagu, da ƙananan aljihunan ƙarfe da ke miƙowa waje idan an buɗe shi. Ya yi shekaru yana zaune a ƙasa a ɗakin shirgi, har koren fentinsa ya koma ja, gindinsa kuwa yana zubar da gari idan aka ɗaga shi. Kawu ya ce, "Kai da ka zama mutumin ƙarfe, duba mini wannan, in zai tashi ka tashe shi." Na amsa da cewa, "To, Kawu, kwana biyu sun ishe ni," kuma a cikin wannan amsar kuskurena na farko yake.

Ranar Lahadi, da maigidanmu ba ya nan, na ɗauki injin gurza na bi akwatin ciki da waje har ya yi fari yana ƙyalli, ina jin daɗin tartsatsin da ke tashi. Da na zo gindinsa sai injin ya faɗa, ya bar rami kamar faɗin kwabo. Na cike ramin da mastik, wato ƙullin da ake cike loɓar jikin mota da shi, na wanke akwatin da gazuwal, wato man dizal, domin ya fita fes, sannan da rana tsaka, cikin zafin watan Afrilu da kan wuce digiri 40, na shafa masa koren fenti mai kauri shafi ɗaya, ba tare da fentin ƙasa ba, wato shafin farko mai kare tsatsa. Da yamma na kai wa Kawu, ya juya shi, ya sa mini albarka.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafin ƙarshen Agusta, lokacin da damina ta kankama, sai ga wani ƙanena ya shigo gareji ɗauke da akwatin a ka, ya ajiye a gabana ya ce Kawu yana gaishe ni. Babu wani saƙo bayan gaisuwar, kuma ban taɓa jin faɗan da ya shige ni kamar wannan shirun ba. Fentin ya kumbura ƙuraje-ƙuraje, a wasu wuraren ya yamutse kamar fatar tsohuwar goro, mastik ɗin kuwa ya tsage a gefe. Da na danna wani ƙurji da farce sai ya fashe, jan ruwa ya fito.

Maigidanmu, wanda ya fi shekara talatin yana dukan ƙarfe, bai yi mini dariya a gaban sauran yara ba, ko da yake da ya yi ba zan ga laifinsa ba. Ya ɓamɓaro wani ɓawon tsatsa daga kusurwa, ya murje shi a tafin hannunsa, ya tambaye ni inda wannan jan garin ya fito. Na ce datti ne da ruwa ya kawo. Ya ce, "A'a, yaro, jikin akwatin ne kake gani a hannuna." Wannan magana ita ce ta sauya yadda nake kallon sana'ar gaba ɗaya. Ni a da ina ɗaukar tsatsa kamar dauɗa ce da ta hau ƙarfe, wadda in an kankare ta ƙarfen zai dawo yadda yake, alhali ƙarfen ne da kansa ya haɗu da iskar oksijin da danshi ya rikiɗe ya zama gari. Duk abin da ya zama tsatsa ya riga ya fita daga kaurin akwatin, duk abin da injina ya ƙara ci kuwa daga ɗan abin da ya rage ya ci. Farantin irin wannan akwati bai cika kai milimita ɗaya ba tun yana sabo, don haka babu mamaki da gindin ya huje a hannuna.

Daga baya na fahimci dalilin da ya sa tsatsa ba ta tsayawa da kanta. Tukunyar alminiyam ma iska na taɓa ta, amma fatar da take yi siririya ce mai kama jiki, tana rufe abin da ke ƙarƙashinta. Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ga ta da ƙananan ƙofofi da ke riƙe danshi kamar soso. Idan aka rufe ta da fenti, tana ci gaba da aikinta a ƙarƙashi har ta ɗaga fentin. Injin gurza ya goge saman farantin ya yi ƙyalli, amma bai shiga cikin ƙananan ramukan da tsatsa ta haƙa ba, daga cikinsu ne kuma ƙurajen suka taso.

Kafin mu taɓa akwatin karo na biyu, maigida ya tura ni in je in ga inda ya zauna, domin a cewarsa garin da ruwan samansa bai wuce wata uku zuwa huɗu ba, garin da mutane ke sayen ruwa a hannun ƴan garuwa, bai kamata ƙarfe ya ruɓe haka a cikinsa ba sai da dalili. Na tarar rufin ɗakin yana yoyo daidai wannan kusurwa, akwatin kuma kai tsaye a kan ƙasa yake, ga kantun gishirin Balma da Kawu ke ajiyewa saboda tumakinsa jingine da bango kusa da shi. Gishiri yana jawo danshi, ruwan gishiri kuma yana gaggauta tsatsa fiye da ruwa zalla. Da na gyara akwatin sau goma na mayar da shi nan, sau goma zai dawo mini.

Mun fara aikin a watan Nuwamba. Na huda ƙusoshin ribit da ke riƙe da aljihunan da hannuwan da ke ɗaga su, na raba akwatin gunduwa-gunduwa, abin da na guje wa a karon farko saboda ƙyuya, alhali a mahaɗar faranti biyu ne danshi ya fi ɓuya. Kowane yanki na ɗaga shi sama ina kallon rana ta bayansa, inda haske ya ratso na zagaye da alli, sannan na bi shi da ƙaramar guduma ina saurare, domin lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi dum. An hana ni injin. Da buroshin waya na fara, sannan takardar gurza, wadda ƴan Kano ke kira sanfefa, lamba 80 domin cire tsohon fenti, sai 120, sai 240 domin laushi. Lambar tana ƙaruwa, yashin takardar yana ƙara laushi.

A ƙarƙashin koren fentin asali, a cikin aljihunan da injina bai kai ba, akwai wani jan shafi mai ruwan lemo. Maigida ya ce in jiƙa takardar kafin in goge shi, in kuma ɗaure hanci, in wanke hannu kafin cin abinci, domin tsofaffin fentin kare tsatsa masu wannan launi da dalma ake haɗa da yawa daga cikinsu, ƙurarsu kuma guba ce, musamman ga yara. Wanda ya ji labarin ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, ba zai ɗauki wannan gargaɗi da wasa ba. Na tuna yadda na tayar da ƙura a karon farko ba tare da ko ƙyalle a fuska ba, jikina ya yi sanyi.

Ƙananan ƙarafa, wato hannuwan aljihu da maƙalin kwaɗo, na jiƙa su cikin binegar suka kwana, da safe tsatsar ta saki har buroshi ke share ta kamar laka. Tsami yana cin tsatsa, amma in an bar shi yana cin ƙarfen ma, saboda haka na ɗauraye su da ruwan kanwa domin ya kashe tsamin. A nan na sake yin wauta: na bar su a jiƙe na tafi sallar Azahar, da na dawo sai na tarar wani rawayan mayafi ya riga ya hau su. Ƙarfen da aka tsiraita ba ya jira. Na sake gogewa, na tsane da tsumma, na shanya a rana nan take. Ramukan jikin farantin kuwa, waɗanda takarda ba ta isa cikinsu, na shafa musu ruwan maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, wanda ke mayar da ragowar tsatsar baƙa mai tauri da fenti ke iya kamawa.

Kan gindin ne muka yi gardama, in har yaron gareji na iya gardama da maigidansa. Ni ina son in nuna hannuna a walda, shi kuwa ya ce sandar walda za ta ƙone siririn faranti kamar takarda, abin da bai ƙone ba kuma zafi zai lanƙwasa shi. Muka yanko sabon faranti daga ƙofar wata mota da ta mutu, na shafa wa fuskokin biyu da za su haɗu fentin kare tsatsa, suka bushe, sannan na haɗa su da ribit. Haka kuma ya hana ni cike kowace loɓa da mastik. Wadda ta hana murfi rufuwa na buga ta ta miƙe, sauran ya ce in bar su, har da haruffan sunan Kawu da aka buga da ƙusa a kan murfi, waɗanda na kusa shafewa a karon farko. A lokacin na ga kamar rowar ƙoƙari ce, yanzu kuwa ina ganin ya fi ni sanin mai akwatin.

Fentin shi ne ya fi komai sauƙi, kuma shi ne kaɗai abin da na ɗauka aiki ne a da. Gazuwal yana barin maiƙo a jikin ƙarfe, fenti kuma ba ya kama maiƙo, don haka wannan karon da diliyan, ruwan da ake sirka fenti da shi, na wanke, ban sake taɓa farantin da hannu tsirara ba. Da hantsi, a inuwa, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa na kuma kare gefen gabas da tamfol saboda ƙurar hunturu da ta fara sauka, na yi shafi biyu sirara na fentin ƙasa, sannan biyu na kore, kwana guda tsakanin kowane shafi. Shafi mai kauri a kan ƙarfe mai zafi samansa ke fara bushewa ya kulle danyen da ke ciki, shi ne yamutsewar da na gani a Agusta. Bayan shafi na ƙarshe akwatin ya yi mako guda a rataye, domin fentin mai yakan bushe a taɓawa cikin sa'o'i, amma taurinsa sai bayan kwanaki.

Da na lissafa kuɗin takarda da fenti da diliyan da ribit, na ɗora kwanakin da na ɓata, sai na ga abin ya kusa sayen sabon akwati a kasuwar Dole. Da baƙo ne ya kawo shi, gaskiya ita ce in faɗa masa wannan lissafi tun kafin in taɓa, ya zaɓa da kansa, kuma haka nake yi yanzu da duk wanda ya kawo mini tsohon ƙarfe.

Na ɗaura wa gindin katako biyu domin ya rabu da ƙasa, na shimfiɗa robar tsohon tiyub a cikin aljihunan, na roƙi Kawu a mayar da akwatin zaure, nesa da gishiri. Ya buɗe murfin biyu, ya shafa haruffan sunansa da babban yatsa, ya shiga jera kile-kilensa na kwance noti daga ƙarami zuwa babba, yana gaya mini wanne ne ya kwance masa taya a yashin da ke gaban Adarbisanat. Bayan daminar da ta biyo baya na je gaishe shi, na nemi izini na kifar da akwatin. Gindin yana nan lafiya, sai dai a kusa da mahaɗin murfin hagu na ga ɗigon ja guda kamar ƙwayar gero, inda buɗewa da rufewa suka cinye fenti. Na ciro guntun takarda lamba 240 daga aljihu na goge shi, na ce wa Kawu gobe zan zo da ɗan fenti a murfin kwalba.