Makonni shida da lissafin masu bugu a wasan besbol: inda na kwana

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Yau mako shida ke nan da na sayi littafin rubutu na keɓe shi don alƙaluman masu bugu na gasar besbol ta Amurka. Wasannin nasu kan fara ne da tsakar dare a agogonmu, saboda haka ban cika kallo kai tsaye ba; da safe nake ɗauko sakamakon in zauna da biro.

Mako na ɗaya da na biyu. Na fara da tsohon ma'auni, wato matsakaicin bugu: sau nawa mutum ya buga ƙwallo ya isa zango (ɗaya daga wuraren tsayawa da ake zagayawa kafin a ci maki) lafiya, a raba da sau nawa ya tsaya bugu. Mutum biyu na zaɓa daga kakar 2022. Luis Arraez na Minnesota Twins ya yi bugu 173 cikin tsayuwa 547, ya tashi da .316, shi ne na ɗaya a rukunin American League. Aaron Judge na New York Yankees ya yi 177 cikin 570, .311, yana biye da shi. Wanda ya tsaya nan zai ce Arraez ya ɗan fi. To amma cikin bugun Judge, 62 hom-ran ne, irin wanda ƙwallo ke tsallake katanga, na Arraez kuwa 8. Ma'aunin ya zuba su a kwando ɗaya kamar duk nauyinsu guda.

Mako na uku. Nan na daɗe, kuma nan na yi kuskuren da nake so ku guje wa. Idan mai jifa ya kauce wa gurbin da ya kamata ƙwallo ta bi a gaban mai bugu sau huɗu, mai bugu yakan taka zuwa zangon farko kyauta. Matsakaicin bugu ba ya ganin wannan kwata-kwata, sai ka ce bai faru ba. OBP, wato ma'aunin yawan isa zango, shi ke ƙirga shi: bugu, da tafiyar kyauta, da sau nawa ƙwallo ta sami jikin mai bugu. Judge ya samu tafiyar kyauta 111, ƙwallo ta same shi sau 6, idan aka haɗa da 177 an sami 294. Ni kuma sai na raba da 570, ta ba ni .516. Kwana biyu ina juya lissafin, domin adadin da aka wallafa .425 ne. Ashe tafiyar kyauta ba ta cikin 570 ɗin tun farko. Sai ka ƙara 111 da 6 a ƙasa ma, tare da bugun sadaukarwa 5 da aka cafke a sama amma abokin wasa ya ci maki, su zama 692. Da na raba 294 da 692, sai ga .425 ta fito daidai. Na Arraez .375. Tazarar da ta ɓuya ta fara bayyana.

Abin da ya sa wannan ma'auni ya shiga raina shi ne, a wasan zagaye tara, fita 27 kawai ƙungiya ke da ita, wato sau 27 za a fitar da 'yan wasanta damarta ta bugu ta ƙare. Ita ce jarinta. Duk wanda ya isa zango bai taɓa jarin ba, ko da sanda ya isa ko da haƙurin ƙin kai wa mugun jifa duka. Na koma kakar 2004 don in tabbatar. Ichiro Suzuki ya yi bugu 262, abin da ba a taɓa yi ba a kaka guda, matsakaicinsa .372, OBP .414. A shekarar Barry Bonds yana da .362, ƙasa da Ichiro, amma an ba shi tafiyar kyauta 232, cikinsu 120 da gangan don tsoron sandarsa, OBP ɗinsa .609.

Mako na huɗu. SLG, ma'aunin ƙarfin bugu, mai sauƙi ne: bugun zango ɗaya lamba 1, na biyu 2, na uku 3, hom-ran 4, sai a tara a raba da yawan tsayuwa. Judge .686, Arraez .420. Idan ka haɗa shi da OBP ka sami OPS, 1.111 da .795. Yana da amfani wajen kallo na gaggawa, sai dai raina bai kwanta da shi ba. Kaso biyu ne da aka raba da adadi daban-daban aka haɗa, kuma ya ɗauki ɗigon OBP daidai da ɗigon SLG, alhali na OBP ya fi kawo maki sosai.

Mako na biyar da na shida. wOBA, wanda Tom Tango ya tsara, shi ya warware mini damuwar. Maimakon 1, 2, 3, 4 na zato, kowane abu ana ba shi nauyi gwargwadon makin da yake haifarwa a zahiri: tafiyar kyauta wajen 0.69, zango ɗaya wajen 0.89, zango biyu wajen 1.27, hom-ran wajen 2.1. Nauyin kan ɗan motsa kowace kaka, don haka ku duba na shekarar da kuke aiki a kai. Ku lura, hom-ran bai kai ninki uku na bugun zango ɗaya ba, balle huɗu da SLG ke ba shi. An kuma daidaita shi ya yi kama da OBP, ido ba ya shan wahalar karanta shi.

A kansa aka gina wRC+, wanda ke la'akari da filin wasa da yanayin kakar. Filin Coors da ke Denver yana tudu kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa, don haka alƙaluman can sai an rage musu. A wannan ma'auni 100 shi ne tsaka-tsaki, Judge na 2022 kuwa ya haura 200, wato ya ninka abin da matsakaicin ɗan wasa ke samarwa. A yanzu wOBA nake lissafawa da hannuna, wRC+ kuma nake dubawa idan filaye ko shekaru sun bambanta.

Mako mai zuwa zan ɗauko Ted Williams na 1941, mai .406 da OBP .553, in aza shi kusa da Bonds. Wanda ya riga ni gwada gyaran fili da hannu, don Allah ya nuna mini yadda ya bi da wasannin waje, tunda rabin kaka kawai ake bugawa a gida.