Hanyar Likiya a ƙafa: ruwa kafin komai

Ga masu tambaya kan Hanyar Likiya, wadda ta bi gaɓar Bahar Rum a kudancin Turkiyya, daga kusa da Fetiye har wajejen Antaliya: ta haura kilomita 500, gama ta sai kusan wata guda. Yawanci mako ɗaya ake yanka, kamar daga Obajik zuwa Patara ta Faraliya da Kabak.

Ba dole sai da ɗan jagora ba, fenti ja da fari a jikin duwatsu ke nuna hanya. Jan X na nufin ka bar hanya. In ka yi minti goma ba ka ga alama ba, koma inda ka ga ta ƙarshe. Turbar awaki ce ke ɓatar da mutane. Sauke taswira a waya tun daga masauki.

Kada "bakin teku" ya ruɗe ka. Hawa da gangara ne kan duwatsu masu kaifi, kilomita 12 kan ci awa biyar. Sabon takalmi kuwa, bororo tun ranar farko.

Babbar matsalar ruwa ce. Ɗauki lita 3, ka cika gora a famfon alwala na masallatan ƙauye. Tsakanin Karawoz da Adrasan, wajen hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Gelidoniya, sai lita 4, don da wuya ka samu ruwa. Na tsofaffin rijiyoyin tara ruwan sama sai an tafasa.

Afrilu, Mayu ko Oktoba suka fi. Yuli da Agusta, rana kamar ta narka mutum. Karen makiyayi ya taso maka, kada ka gudu, zagaye garken daga nesa.