Shekara huɗu ina raba aikin manhaja tsakanin Indiya, Filifin da Foland

Ran da maigidana ya ce in zaɓo ƙasar da za mu ba kwangilar rubuta manhajarmu, abu ɗaya na duba, wato nawa ake biyan injiniya a awa guda. Na jera ƙasashen daga mai araha zuwa mai tsada, na miƙa masa. Ƙaramin kamfani ne a Ingila, ni kuma daga gida Najeriya nake yi musu aiki. Sai da muka yi asarar wata uku kafin na yarda cewa araha ba ta ado.

Da Indiya muka fara, kuma da dalili. Can ne sana'ar ta yi jijiya: an kafa manyan kamfanonin manhaja na ƙasar, TCS a 1968, Infosys a 1981, sannan sauye-sauyen tattalin arziki na 1991 suka buɗe ƙofa. Da fargabar matsalar kwamfuta ta shekarar 2000 ta taso, kamfanonin Amurka suka yi ta tura aikin gyara zuwa birnin Bangalo na Indiya, daga nan ba su koma ba. Idan injiniya ɗari kake nema cikin mako biyu, Indiya ce za ta ba ka. Amma mu mutum shida muke so. Kamfanin da muka ɗauka ya nuna mana gwanayensa lokacin ciniki, da aka sa hannu sai aka kawo sababbin hannu. Wanda ya fara gane aikin ma ba ya daɗewa, wani ya ƙara masa albashi ya tafi, mu koma bayani daga farko. Da laifina a ciki: takardar bayanin aikin da na rubuta ba ta fita sarai ba, su kuma abin da ke rubuce suka yi, ba ƙari ba ragi.

Filifin dabam take. Ƙarfinta yana wajen amsa kiran abokan ciniki, domin Turancinsu ya yi kusa da na Amurka, kuma a Manila da Sebu dubban matasa dare suke kwana suna aiki saboda rana ce a can Amurka. Mun ba su sashen kula da masu amfani da manhajar, ban taɓa nadama ba.

Foland ce ta sauya min lissafi. Kuɗin awarsu ya fi na Indiya nesa ba kusa ba, amma awa ɗaya ce tsakaninsu da Landan. In na yi tambaya da hantsi, kafin azahar na sami amsa, ba sai gobe ba. Ga shi tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, dokar Tarayyar ta kare bayanan jama'a ta 2018 ta shafe ta, lauyoyinmu ba su tayar da jijiyar wuya ba. Abin da ya fi burge ni, injiniyan birnin Krakow na Foland zai ce maka kai tsaye, "Wannan tsarin ba zai yi ba." Da farko na ji zafi, daga baya na ga kuɗin da kalmar ta cece mana.

Abin da ke ci min rai shi ne Najeriya. Agogonmu ɗaya da na Landan rabin shekara, muna da Turanci, muna da yara masu kai. Sau biyu ina kawo sunanta a taro. Na biyun ya zo daf da Maris ɗin 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ni kaina na yi kwanaki ina fama da shiga taro. Maigidan bai yi musun basirarmu ba. Tambayarsa biyu ce: wa zai lamunce masa wuta, wa zai lamunce masa intanet? Har yau ina tara masa amsa, na fara da sunayen waɗanda na san suna da sola da layi biyu.