Fijon Baba da tsatsar cikin tanki

Shekara tara motar Baba ta yi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano, tun bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Fijo 504 ce fara, haɗin Kaduna, daga kamfanin nan da ya fara haɗa motoci a 1975. Da 'yan gwangwan suka fara zuwa suna taya ta, yayyena suka ce a sallama a huta. Ni na roƙi a bar mini ita. Koyarwa nake yi a makarantar sakandare, ban taɓa zama a gareji ba, amma a cikin motar nan Baba yake kai mu ƙauye duk sallah, kuma zuciyata ba ta yarda a sare ta a auna a sikeli ba.

Ban yi gaggawar tayar da ita ba, kuma har yau ina ganin nan na yi daidai. Na cire fulogi huɗun, waɗanda a 504 suke can cikin rami sai da doguwar soket, na ɗiga baƙin mai a kowace silinda, na bar ta kwana biyar. Sannan na kama injin da sifana na juya a hankali, ya juya. Ranar na san akwai sauran rai a jikinta. Na canja baƙin mai da batir da fanbel da tiyon lagireto, na sa aka sabunta robobin birki da mansa, domin motar da ba ta tsayawa ba a fita da ita titi. Tsohon fetur ɗin da ke tanki, wanda ya koma ja yana wari kamar fenti, na tsiyaye shi na zuba sabo. Tankin kansa ban leƙa cikinsa ba.

Ranar farko ta ƙi tashi, sai tari take tana harbi ta kafireta, wato inda mai yake haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Na jera wayoyin fulogi 1-3-4-2 yadda ya kamata, amma na fara ƙirga daga gaba, wajen lagireto. Ashe mutanen Faransa daga baya suke ƙirgawa, silinda ta ɗaya ita ce ta wajen kuloci. Da na gyara jerin, na daidaita tazarar kwantak, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa don a saki wuta, a milimita 0.4, bugu biyu ta kama. Hajiya ta fito har zaure ta tsaya tana saurare, ba ta ce komai ba.

Daga nan ne wahalar ta fara. Motar za ta tashi lafiya, ta yi tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin, sai ta fara shaƙewa, ƙarfinta ya ragu, ta mutu. In na bar ta minti goma, sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ta yi mini haka a titin Gidan Zu, ta yi mini a Kabuga da tsakar rana a cikin zafin Afrilu, masu Adaidaita Sahu suna ta danna oda a bayana.

Kowa ya tsaya sai ya ba ni magani. Wani ya ce koyil ce, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, in ta yi zafi takan yanke wuta, in ta huce ta dawo. Maganar ta shiga hankali, don haka na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo koyil. Ba ta daina ba. Na canja kwandensa, na sake kwantak. Daga ƙarshe na sayi kafireta ta hannu, na ajiye tata ta asali, ƙirar Solex, wadda ba ta da laifin komai. Wata biyu ina wannan, albashi yana tafiya, kuma wani lokacin abu biyu nake canjawa rana ɗaya, ta yadda ko an samu sauƙi ba zan san wanne ya kawo shi ba.

Wani dattijon bakanike da ya yi wa Baba aiki shekaru da yawa, yanzu ya daina duƙawa sai dai ya zauna a benci yana duba yara, shi na je wa. Na lissafa masa abin da na canja. Ya ce, "Ɗana, duk wannan da ka faɗa, a lokacin da ta mutu me ka duba?" Na ce, "Baba, jira nake ta huce." Ya ce to ai lokacin da ciwo ya tashi ake duba mara lafiya. Inji wuta yake so da mai da iska, sai a tambaye shi wanne ya rasa tun bai farfaɗo ba.

Muka shiga tare, muka yi ta zagaye har ta mutu. Nan take ya sa na buɗe bonet, na zare wayar tsakiya ta koyil na kusantar da ita jikin inji, yaronsa ya murza makulli. Wuta shuɗiya tana tsalle tas-tas. Ke nan koyil ɗin da na cire ma lafiyarta ƙalau. Ya ce in cire tiyon da ke kai mai kafireta in sa bakinsa a gora. Aka sake murzawa, maimakon fetur ya riƙa tultulowa, ɗigo yake yi. Saura a san ko famfon mai ne ko abin da ke bayansa. Muka jawo tiyo daga famfon zuwa jarka mai lita huɗu, a fili nesa da masu shayi da duk wata wuta, da abin kashe gobara a kusa. Injin ya yi ta aiki har man jarkar ya kusa ƙarewa, ko tari bai yi ba.

Da muka sauke tankin, abin da ya fito daga ciki ya kusa cika gwangwanin madara: ɓarɓashin tsatsa kamar garin shayi, da ɓawo-ɓawo masu faɗin farce. Tankin da ya shekara tara rabinsa iska, kowace damina raɓa tana taruwa a bangonsa tana cin ƙarfen. In famfo yana zuƙa, tsatsar sai ta taru a bakin bututun da ke ɗebo mai har ta toshe shi. In inji ya mutu zuƙar ta saki, sai ta zube ƙasa, hanya ta buɗe. Hutun minti goman da nake ɗauka na hucewa ne, ashe lokacin da dattin yake kwantawa ne.

Mun zuba tsakuwa da kalanzir a tankin, ni da yaron muka yi ta girgiza shi, muka ɗauraye sau huɗu, muka shanya shi a rana kwana biyu. Akwai 'yar huda a ƙasansa, na ce a kai wa mai walda, dattijon ya hana, ya ce tururin fetur yana daɗewa a tanki kuma ya ga wanda hakan ya ƙona. Da gam ɗin ƙarfe muka toshe ta. Na hura bututun da iska, na sa matatar mai ta roba wadda ake ganin cikinta kafin famfo, na mayar da tsohuwar kafireta bayan na wanke ta. Yanzu akwai ƙaramin littafi a motar, duk abin da na taɓa sai na rubuta shi da kwanan wata, kuma ba na taɓa na biyu sai na gwada na farko.

Matatar ta cika da ja sau biyu a watan farko, ta uku har yanzu fes take. Juma'ar da ta wuce na kai Hajiya Wudil gaishe da ƙanwarta, muka je muka dawo ba tsayawa. A hanya allurar zafi ta ɗan haura fiye da yadda nake so, don haka ranar Asabar lagireto zan sauke.